Anjeksiyo a tsohuwar motar Baba

Ina tsaye a garaji a unguwar Dagmanet, an buɗe moter, wato injin tsohuwar motar marigayi Baba. Na kawo anjeksiyo a akwati, na'urar fesa wa inji mai ce da ke aiki da ordinater, wato kwamfuta, ina son a cire karburater a sa shi don motar ta rage shan isansi, wato fetur.

Makanisiye, Malam Iliya, abokin Baba ne. Ya jujjuya akwatin ya ce:

"Ɗana, karburater in ta toshe a daji, da baki ake hura ta. Wannan in ya mutu bayan ƙauyen Anou Araren, ba rezo na waya, jaririyarka tana cikin motar, wa za ka kira?"

Na ce ya bar karburater a wurinta.

Ku da kuka sa anjeksiyo, kuna shiga daji da iyali hankali kwance?