Kafin Ruwa ko Bayan Ruwa

Jama'a a gyara tsayuwa, ga Gimbiyar Kwamfuta, mai mulkin kujerar roba a shagon buga takardu na bakin tashar Yelwa! Sallau ne ya naɗa mata sarautar a ransa, don bai san sunanta ba. Hoton fasfo ya zo ɗauka, layi ya ƙi tafiya, ido ya samu aikin yi.

Siririya ce, tabarau ɗaure da zare, lalle ya koɗe a yatsunta. Fom take haɗawa a shafin intanet na ƙungiyar masunta: tana jawo akwatin suna ta ajiye, ta jawo na lambar waya. A kan akwatin ranar haihuwa hannunta ya tsaya. Akwai jan tauraro a gefensa, wato duk wanda bai cike ba, sunansa ba zai shiga rajista ba. Tsofaffin masuntan tsibirai kuwa ba su riƙe rana ba, sai dai su ce an haife su kafin ruwan madatsar Kainji ya ci garinsu, ko bayansa. Ran Sallau na ba shi mahaifinta na cikinsu, don cizon leɓen da take yi ba na 'yar kwangila ba ne.

Ta cire tauraron, ta ƙara zaɓi biyu: kafin ruwa, bayan ruwa.

"Ranki shi daɗe," in ji Sallau, "mu 'yan gayu fa, ina namu akwatin?"

Ba ta ɗago ba. "Kana da jirgi?"

"A'a."

"To matsa, ka tare mani fanka."