Jinyar Dattijo Ishaya a Guangzhou

Asubar fari motarmu ta bar Zariya, ruwan Agusta yana ta zuba, ni da kawuna, wanda Rabaran ne da ya yi ritaya. A filin jirgin Kano muka haɗu da abokin tafiyarmu na uku, wani Alhaji ɗan kasuwar Kwari da ya daɗe yana saro kaya a Sin. Shi ya yi mana fafutukar biza, domin a wannan shekara da ake wasannin Olamfik a Sin an tsananta ƙwarai, mutane da yawa sun nema an hana su.

Ba sari ya kai mu ba. Wani dattijon ikkilisiyarmu, Malam Ishaya, ya je Guangzhou neman kasuwa, shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, bizarsa kuma ta ƙare yana kwance. Matarsa ta bi gida gida tana kuka, ba wanda ya tashi. Dalili kuwa sananne ne: Malam Ishaya shi ya jagoranci waɗanda suka ƙulla wa kawu sharri a majalisar ikkilisiya har aka sauke shi kafin lokacinsa, daga baya gaskiya ta fito. Da kawu ya ce shi zai je, na ce ba zan bar tsoho ya tafi shi kaɗai ba. Amma Allah ya sani, raina bai so tafiyar ba.

Daga Kano muka sauka Legas, daga nan sai Addis Ababa, sannan doguwar tafiyar da ta sa ƙafafun kawu suka kumbura. Muna fitowa daga filin jirgin Guangzhou wani zafi mai danshi ya rufe mu, kamar an buɗe tukunyar dambu. Titunan sumul, gadoji a kan gadoji, ga tutocin wasanni ko'ina. Muka sauka a wani ƙaramin otal a titin Liuhua Lu, kusa da tashar jirgin ƙasa. Alhaji ya ce kuɗin ɗaki ya tashi fiye da yadda ya saba biya, ga 'yan sanda suna yawan duba fasfo. Abinci dai da sauƙi. Ya kai mu shagon wasu Musulmin Sin masu jan taliya da hannu, aka ba mu a kwano da romon naman sa. Kawu ya yi ta kokawa da tsinkayen cin abincin nan, taliya na zamewa, ya nemi cokali mai yatsu, mai shagon ta ce "meyo", wato babu. Sai ya yi addu'a ya sa hannu, ya ce wannan cokalin tun daga Zariya ya taho da shi.

Washegari da hantsi muka nufi unguwar Sanyuanli. Mun ratsa ta gaban kasuwar Canaan, inda ake ɗaure dilolin tufafi, kana jin Hausar Kano da ta Maraɗi da Inyamuranci a cakuɗe, 'yan Sin na kiran kowa "lawban", wato maigida. Bayan kasuwar muka shiga wasu lunguna matsattsu da rana ba ta leƙawa, ruwa na ɗiga daga kayan shanya. A wani ɗaki a saman bene muka sami Malam Ishaya. Wasu 'yan kasuwa Musulmi daga Maraɗi ne suka riƙe shi, suna ba shi abinci, amma da safe dole su fita nema, su kuma suna tsoron kai shi asibiti saboda takardunsa.

Da ƙyar na gane shi. Mutumin da in ya yi magana a majalisa kowa ke shiru, ga shi a kan katifa, baki ya karkace, ɗakin yana wari. Da ya ga kawu sai ya juya fuska ga bango.

"Rabaran, ka zo ka ga ƙarshena ne?" ya ce, maganar tana fita da nauyi.

"Na zo mu tafi gida, Dattijo. Maman yaranka tana gaishe ka."

Kawu ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a ƙusa, ya ce in samo ruwan ɗumi da sabulu. Na ce ya bari ni in yi. Ya ce a'a, ni dai in riƙe bokiti. Da ya durƙusa ya kai hannu ga zanen da aka rufa masa, Malam Ishaya ya ture shi da hannun da ke da lafiya.

"Kowa ya taɓa ni, ban da kai."

Kawu bai tashi ba. Ya zauna a ƙasa, ya yi magana a hankali, irin yadda yake yi sa'ad da yake koyar da tarihin ikkilisiya. Ya ce masu bi na farko ba su da manyan gine-gine, ba su da kujerar shugaba mai laushi. In annoba ta faɗa wa gari, masu hali suka gudu, shugabanninsu ne ke zama suna jinyar marasa lafiya, suna wanke gawa, har da ta waɗanda suka tsananta musu. Wasu ma in an zaɓe su shugabanci ɓuya suke yi, don tsoron kada girman kai ya cinye su. Sun koya ne daga Almasihu, wanda ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa.

"Amma ka tuna, Dattijo, a cikinsu akwai wanda ya ƙi a wanke shi, kuma sai da aka tsawata masa. Tawali'u ba durƙusawa kaɗai ba ne. Yarda a durƙusa maka ma tawali'u ne, kuma ina jin ya fi wuya. Ni ma ba tsarkakakke ba ne, na daɗe ina jin zafinka a zuciya. Ka taimake ni in sauke."

Daga wani shago a ƙasa muna jin ihun masu kallon wasanni a talabijin. Can sai Malam Ishaya ya sauke hannunsa. Kawu ya wanke shi tas, ya aske masa gemu, ya yanke masa farce, ya sa masa ɗaya daga cikin rigunansa. Hawaye na bin kuncin Malam Ishaya. Ni ma na rasa inda zan sa idona.

Sauran kwanakin a tsakanin asibiti da ofishin shige da fice suka ƙare. Alhaji ya ajiye sarinsa yana yi mana tafinta da ɗan Sinancin da ya iya. An yi mana faɗa, an dawo da mu ba sau ɗaya ba, kawu yana tsaye a layi da kumburarrun ƙafafu, duk wanda ya ɗaga masa murya sai ya ce "shiye-shiye", wato na gode, don ita kaɗai ya koya. A ƙarshe aka biya tara, aka ba da izinin fita, likita ya yarda a hau jirgi da shi. Mutanen Maraɗi suka rako mu har bakin mota, ɗayansu ya ce wa kawu, "Malam, Allah shi saka maka."

Mun sauka Kano da yamma, muka kwana, da safe muka kama hanyar Zariya. A ƙofar gidan Malam Ishaya jama'ar ikkilisiya sun cika, har da waɗanda suka mara masa baya a wancan rikici. Ya ce kada a shigar da shi tukuna. Daga kan keken marasa lafiya, da karkataccen bakinsa, ya faɗa a gaban kowa cewa ƙarya ya yi wa Rabaran, ya nemi gafara. Kawu ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ya wuce. Ku kai shi ciki, rana ta yi zafi."

Malam Ishaya bai ga Kirsimetin wannan shekara ba. Kafin ya cika ya bar wasiyya cewa kawu ne zai yi masa jana'iza, haka kuwa aka yi.

Na je ƙasar da kowa ke dawowa da labarin dogayen benaye da arhar kaya, ni ko kasuwar kirki ban shiga ba. Abin da na koyo shi ne, tun ina yaro nake jin wa'azin tawali'u, ina ɗaukarsa hali ne na masu sanyin murya. Ashe aiki ne mai wari da ciwon gwiwa, kuma mutum biyu yake buƙata. Duk wanda ya tambaye ni me na gani a Sin, ce masa nake na ga dattawa biyu a ƙasan wani ɗaki, kowannensu ya sauko.