Sallar Kakana a Zaune

Kakana na wajen uba manomin dawa da gyaɗa ne a Rogo, kuma tun da na yi wayo da sanda na san shi. Yanar ido ce ta rufe masa idanu a hankali, har ya zama ba ya bambance komai sai hasken tsakar gida da duhun ɗaki. Idon hagu ya riga ya tafi. Wani mai magani da ke bin kasuwanni ya taɓa soka masa tsinke don ya kwantar da yanar, ya ga gari na ɗan lokaci, daga nan idon ya kumbura ya tsiyaye. Saura na dama, fari fat kamar an ɗiga masa nono.

A lokacin Turawa ke mulki, ina karatu a makarantar Midil a birnin Kano, mahaifina kuma yana sana'ar ɗinki a Karaye. Ni ba mai magana ba ne. In an yi baƙi a zaure nakan gaishe su in sulale bayan rumbu da littafina. Ko wasan jika da kaka, wanda kowane yaro yake iyawa ba tare da an koya masa ba, ni ban iya ba. Sauran jikoki sukan fizge masa hula, su ce kakarmu matarsu ce, ya bi su da sanda yana zagi yana dariya. Ni sai in durƙusa in ce ina kwana. Ya karkato kai ya ce, "Wane ne? Au, malamin nan ne da ba ya dariya."

A birni na ji labarin asibitin ido na 'yan mishan, inda wani likita Bature yake cire yana da wuƙa, kuma ba a korar wanda ba shi da hali. Mai gadin makarantarmu can aka yi masa aiki. Na zauna da shi na tambaye shi komai, daga yadda ake shiga har abin da ake ci, sannan na je na ga wurin da idona. Da na zo hutu na gaya wa mahaifina. Aka yi ta shawara tsakanin Karaye da Rogo, wasu na cewa a gwada, wasu na cewa ba a kai dattijo hannun Nasara. Kakan ne ya yanke maganar da kansa. Ya ce, "Me ya rage da za su ɗauke mini? Ku kai ni."

Ni aka haɗa shi da ni, don na san gari kuma ina jin Turanci. Muka hau motar gyaɗa, a kan buhuna, yana riƙe da rigata har birni.

A ɗakin marasa lafiya, kowace safiya wani ma'aikaci mai jin Hausa yakan tsaya ya karanta labarin Annabi Isa, su yi waƙa. Kakana yakan saurara har ƙarshe, ya ce, "Annabi Isa ai namu ne, Allah ya ƙara masa aminci," ya ci gaba da jan carbinsa. Ba wanda ya takura masa. Bayan an yi aikin aka kwantar da shi rigingine, aka tokare kansa da ƙananan buhunan yashi dama da hagu don kada ya juya. A haka yake salla, da nuni, ni kuma in miƙo masa dutsen taimama. Ranar da aka kwance ƙyallen, likita ya ɗora masa wani gilashi mai kauri a gaban idon, ya ɗaga yatsu, Kaka ya ƙirga su daidai. Sai aka turo ni gabansa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Kai ne? Ashe haka kake da muni. Shi ya sa kake ɓuya."

Da za a sallame mu, likita ya yi bayani ta bakin tafinta, sannan ya maimaita mini da Turanci a hankali. Yankan da aka yi bai gama haɗewa ba. Kada ya ɗauki kaya, kada ya yi nishi, kada ya sunkuyar da kai ƙasa, har sai mun dawo an duba. In jini ya taru a ka, ɗinkin zai iya buɗewa, ruwan idon ya zube, kuma daga nan ba abin da kowa zai iya yi. Tafintan ya ƙara da nasa, ya ce, "Baba, ba salla aka hana ka ba. Sunkuyo aka hana, shi ma na ɗan lokaci."

Muka sauka a gidanmu na Karaye, don hanyar Rogo ta fi jijjiga. Kakarmu ta taho daga can don jinya. Da farko ba wata matsala. Ina ɗiga masa magani a kan lokaci, ina wanke hannuna kamar yadda na ga ana yi a asibiti, shi kuma yana sallarsa a zaune cikin ɗaki, kansa a miƙe, yana ɗan rusunawa kaɗan a wurin ruku'u da sujada.

Wanzamin da ya zo yi masa aski ne ya kawo maganar. Yana goga aska ya ce, ba da wata manufa ba, ai a Rogo ana ta cewa Nasara sun ba shi ido sun karɓe goshi, tun da ya dawo ba wanda ya ga ya kai shi ƙasa. Kakana bai ci tuwo ba a ranar, kuma na ga yana ta shafa goshinsa, inda tabon salla yake baƙi ƙirin tun kafin a haife ni.

Na gwada abin da na iya. Na zauna kusa da shi na kawo masa abin da muka karanta a fiƙihu, cewa marar lafiya yana salla a zaune, in bai iya ba a kwance, kuma ladansa cikakke ne. Ya bar ni na kai aya, sannan ya ce, "Na san wannan tun ubanka bai yi kaciya ba. Allah ya san abin da ke ƙarƙashin ƙyallen nan, ba Shi nake ji ba. Mutane fa? In mutu a ce a hannun Nasara na bar sujada?"

Mahaifina ɗan fari ne, tsakaninsa da Kaka akwai kunya, ko zama a tabarma ɗaya ba sa yi. Baffana kuma, ƙanensa, bai taɓa musa wa tsohon ba ko a kan ranar shuka. Mahaifina ya kira ni shagonsa, yana ɗinki bai ɗago ba, ya ce, "Kai jika ne. Abin da bakinmu ba zai iya faɗa masa ba, naka zai iya."

Na ce, "Baba, na faɗa masa."

Ya ce, "Karatu ka yi masa. Ba karatu na ce ba."

Ranar kasuwar Karaye mutanen Rogo suka zo cin kasuwa, suka biyo dubiya. Zaure ya cika har waje. A cikinsu akwai wani tsoho, taubashin Kaka, wanda ba ya buɗe baki sai da tsiya. Bayan an gama gaisuwa, an tambayi jiki da hanya da mutanen gida, sai ya leƙa fuskar Kaka ya ce, "To, Bature, yanzu ta ina ake gaishe ka? An ce ciniki ka yi, ka ba da goshi ka karɓi ido. Ni da goshin kawai nake da shi, me za su ba ni?"

Aka yi dariya, don wasa ne na taubasai. Kaka ma ya murmusa. Amma da aka kira la'asar ya nemi buta, na zuba masa ruwa ya yi alwala kansa a miƙe, sannan ya ce wa baffana, "Kai mini buzuna cikin sahu." Ya dafa bango ya tashi tsaye. Ya gyara rigarsa irin gyaran wanda zai yi salla cikakkiya.

Kowa ya gane. Baffana ya ɗauki buzun ya shimfiɗa a ƙofar gida inda ake jam'i. Mahaifina ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Limamin unguwa, wanda Kaka ya girme shi nesa, ya wuce gaban sahu ya tsaya. Ni kuwa na san abin da likita ya ce, kuma na san raka'a huɗu sujada nawa ce.

Na wuce gaban mutane na je na zauna daram a tsakiyar buzun.

Kaka ya laluba da ƙafa ya ji mutum. Ya ce, "Wane marar kunya ne wannan?"

Na ce, "Ni ne, tsoho. Kishiyarka." Muryata ta fito da ƙarfi fiye da yadda na zata. "Yi sujadarka, ni ba zan hana ka ba. Kai dai ka sani, idon nan yana zubewa na tafi da matata birni. Ta gaya mini ta gaji da makaho. Dama don ta ga ko za ka gyaru ne ta ƙara maka wata guda."

Kowa ya juyo yana kallona. Waɗannan mutane sun san ni tun ina goye, ba su taɓa jin na haɗa magana biyu a gaban manya ba. Sai muryar kakarmu ta fito daga bayan asabarin zaure, inda take tsaye tana saurare. Ta ce, "Gaskiya ya faɗa. Na ma ɗaure kayana."

Taubashin ne ya fara fashewa da dariya, har da tari, sauran suka bi. Kaka ya tsaya yana kallon inda nake. Ya ce, "Kai, da wannan fuskar? Wa zai bi ka ko bakin rijiya?"

Na ce, "Ai da ido ake ganin muni. In ka rasa shi ka ga na zama kyakkyawa."

Ya juya wajen mutane ya ce, "Kun ji ɗan banza. Ashe duk shirun nan dabara yake ƙullawa, jira yake in makance ya gaje ni da raina." Ya zungure ni da ƙafa. "Matsa. Wallahi ba za ka same ta ba."

Na matsa gefe. Ya dafa kafaɗata ya zauna a kan buzun, ya tanƙwashe ƙafafu, ya miƙe wuyansa. Liman ya ce a daidaita sahu, ya ƙara da cewa, ba tare da ya dubi kowa ba, sallar mai lalura a zaune salla ce. Aka ta da kabbara. Ina gefensa na dama, taubashin yana hagu. Duk lokacin da muka kai goshi ƙasa ina jin numfashinsa a sama da ni, yana tasbihi a fili yadda na ƙarshen sahu ma zai ji.

Bayan sallama taubashin ya riƙe hannunsa ya ce, "Zan gaya musu a Rogo. Ba Nasara ne suka hana ka ba, tsoron kishiya ne."

Kaka ya ce, "Gaya musu haka. Ka ce kuma ina nan zuwa in ga wanda ya fara maganar, yanzu ina gane fuska."

Daga ranar a ƙofar gida yake salla, a zaune, a gaban kowa. In na ga yana neman sunkuyawa ya ɗauki takalmi sai in yi gyaran murya in tambayi kakarmu ko ta shirya, ya zage ni ya miƙe.

Da lokaci ya yi muka koma birni. Likita ya haska idon ya daɗe yana dubawa, ya ce ya haɗe sarai, ya ba shi tabarau mai kauri da ke sa idon ya yi girma kamar na saniya. Kaka ya sa tafinta ya tambaya sau biyu ko yanzu goshi zai iya taɓa ƙasa. Aka ce zai iya. Bai jira mun fita ba, a ƙarƙashin wata bishiya a harabar asibitin ya tambaye ni gabas, ya yi nafila, ya daɗe a sujadar farko har na fara leƙa shi.

Na raka shi Rogo kafin in koma makaranta. Washegari ya fita kasuwa shi kaɗai, ya hana kowa ya bi shi, yana ɗaga ƙafa sama-sama don tabarau na kawo masa ƙasa kusa. Sai bayan azahar ya dawo, ya zauna a zaure ya nemi ruwa. Baffana ya tambaye shi yadda ya ga gari. Ya ce, "Gari yana nan. Amma ashe duk abokaina sun tsufa, ba wanda ya gaya mini."