Sifikar Hagu

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana buga takardu a kotu, shi ya sa har yau unguwa ba ta san ta da wani suna ba sai Mai Tafireta, ko da yake tafiretar ta daɗe da komawa ƙarƙashin gado. Da ta yi ritaya, zama ya gagare ta. Mace ce da ko shayi a tsaye take sha. Ta kwashe buhuna da tukwane daga ɗan siton da ke jikin kicin, ta cusa tebur da kwamfuta, ta ce ofis ke nan. Lauyoyi kan turo mata maganganun da aka naɗa a taro, ita kuma ta saurara ta buga, kalma bayan kalma. Abin taƙamarta guda ne: ba ta taɓa miƙa takarda da giɓi ba.

Bana kam ta miƙa, giɓi tara a shafi shida. Lauyan da ya fi kowa ba ta aiki ya kira ta, da ladabinsa da komai.

"Mama, akwai wani aikin ranar Litinin. In shi ma ya zo haka, ki yi haƙuri, zan kai wani wurin."

Kunya ta hana ta cin abincin rana.

A ganinta laifin na kayan zamani ne. Abin sawa a kunne uku ta jefar cikin wata huɗu, kowanne ɓangaren hagu ke mutuwa. Sai ta ce sifika za ta saya. To, a ajiye a ina? Ofishin nan in ta miƙe hannuwa sai ta taɓa bango da bango, kuma taƙi ɗaya ne ya rage a kowane gefen kwamfuta. Ta auna da zare, ta ƙulla, ta jefa a jaka.

Kwana uku tana sintiri a layin masu kayan lantarki, har suka fara sunkuyar da kai in sun hango ta. Wannan ta wuce ƙullin zare. Waccan ta cika dum-dum.

"Ni ba rawa zan yi ba," in ji ta, "magana nake so in ji."

Daga ƙarshe ta sami wasu 'yan biyu da ba su fi gwangwanin madara ba, a shagon wani mutum mai furfura da sanyin hali. Ta kai gida, ta jona, ta dawo da su kafin la'asar, wai ta hagu ba ta magana. Ya canza mata. Washegari ga ta kuma, ko sallama ba ta gama ba ta dangwarar da kwalin a kan kantar shagon.

Mai shagon bai yi musu ba. Ya jawo mata kujera, ya ajiye sifika ɗaya a damanta, ɗaya a hagunta, ya kunna maganar da ke wayarta.

"Ka ji ko? Ta hagu shiru."

Ya ɗaga su a kan idonta ya musanya musu wuri.

"Yanzu fa, Mama?"

"Ta hagu dai..."

Wadda ta yi shiru yanzu ita ce ta gama yi mata magana tar-tar. Ya kama yatsunta a hankali ya ɗora a kanta, ta ji tana rawa a ƙarƙashin hannunta. Ta sa tafin hannu ta toshe kunnen dama, sai janareto da hon ɗin motoci da ihun 'yan kasuwa duk suka yi nisa, kamar an rufo mata ƙofa. Ga bakin mai shagon yana motsi. Ta janye hannun.

"Me ka ce?"

"Na ce kayan lafiyarsu ƙalau."

Tsoro ne ya kama ta, tsoro na gaske, don duk abin da ta iya a duniya ta kunne yake shiga. Ta ɗauki kwalinta, ta ba shi haƙuri, abin da ba ta saba yi ba.

A gida ta ɗora ɗaya kan ɗaya a gefen dama, ta karkata kujera, ta kunna tsohon aikin nan mai giɓi tara. Bakwai suka fito sarai. Biyu ta maimaita har sau goma, ba su fito ba. Ta tashi, ta zauna, ta sake tashi, sannan ta kira 'yarta ta fari a waya.

"Gobe ki zo ki raka ni wurin likitan kunne."



"To, Umma," in ji 'yar. "Tun bara nake neman yadda zan gaya miki."