Shekarar da Ba-Burki Ya Kama Karatu

A tasha Ba-Burki ake ce masa, don tun yana saurayi ba a taɓa ganin ya zauna wuri guda har shayi ya huce ba. Rabin rayuwarsa a kan sitiyarin babbar mota ya yi ta. Bara ciwon baya ya kayar da shi, likita ya ce shi da doguwar tafiya sai dai labari.

Gida ya zame masa kurkuku. Ya leƙa kicin, ya buɗe firij, ya rufe, ya gyara ƙofar da lafiyarta ƙalau. Da matarsa ta gaji, ta kai ƙara wurin babbar 'yarsu, malamar makaranta. Ita kuwa ta turo kwali guda na tsofaffin littattafai.

"Baba, ko za su zaunar da kai," in ji ta.

Ina! A tsaye yake karatu, daga falo zuwa baranda, yana motsa leɓe. Kuma duk abin da ya karanta sai ya gwada. Littafin gyaran agogo ya ci agogon bangonsu. Na kiwon zuma ya kumbura wa maƙwabci ido, har yau gaisuwarsu sama-sama ce.

Mafi ban mamaki a wurinsa shi ne wani a kan barcin dabbobi. A ciki ya ga akwai kifin da in ya daina iyo numfashi ke gagararsa. Ya sami matarsa tana guga.

"Maman yara, yau na gano dangina!"

"Allah ya sada ku," ta ce, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Amma wanda ya shiga ransa labarin wani magini ne da ya rantse sai ya ɗora gada a kan kogin da ya cinye ƙaninsa. Ba-Burki ya bi shi shafi-shafi, har ruwa ya taso ana saura ginshiƙi ɗaya. Ya juya takarda, sai bango. An yage ƙarshen.

Ranar ko abinci bai iya ci ba. Ya kira 'yar, ta ce ba ta taɓa karanta shi ba. Ya zaga masu sayar da tsofaffin littattafai a bakin titi har suka fara ɓuya in sun hango shi. Ɗayansu, don ya rabu da ƙaya, ya ce a gwada babban birni.

Ya hau bas a matsayin fasinja, abin da bai taɓa yi ba. Tun kafin a fita gari ya ishi direba da "sauya giya" da "ka kula da ramin nan", aka mayar da shi kujerar baya. Ya dawo hannu rabbana, bayansa kamar an sassara, ya kwanta yana nishi.

Matarsa tana shafa masa magani ya ce, "An ce akwai wani shago a garin gaba."

Ta tsaya. Ya ƙanƙame filo yana jiran faɗa.

"Tun ina amarya nake tsayawa a ƙofa ina kallon ƙeyarka," ta ce. "Wannan karon da ni za a je. Kuma ni ce a gefen taga."

Suka je. Ba su samu littafin ba, shagon ma ya koma na sayar da takalma. Ita dai ta sayi guda, ta kuma tambaye shi wane gari ne a gaba.