Kwalba Mai Jan Murfi

Duk wanda ya tashi a unguwar Rapid Creek ya san ranar da Anti Nora take dafa balacan, haɗin yajin nan da ake ci da shinkafa, ba sai an faɗa masa ba. Da ta jefa daddawar jatan lande cikin mai a bayan gida, sai ka ji tagogi suna rufuwa ƙaraf-ƙaraf har kwanar layi, masu shanya su fito a guje su kwashe kayansu. Amma masu toshe hancin nan su ne za ka gani da la'asar a bakin ƙofarta, kowa da 'yar kwalbarsa a ɓoye a baya, wai sun zo gaisuwa.

Leonora Bin Daud sunanta, shekarunta saba'in da shida, kuma kaf garin Darwin babu macen da ta kai ta zargi. In ka yabi girkinta ta ce me kake nema, in ba ka yaba ba ta ce wa ya zuga ka. Shekara talatin ta yi tana wankin zannuwan asibiti, ta haifi ɗa guda, ta binne miji guda. Ba ta da mota, gidan ma na gwamnati ne. Abin da ta mallaka a duniya wanda babu mai irinsa shi ne abin da ke cikin tukunyar nan.

Kakanta Daud ne ya zo da shi daga garin Kupang na tsibirin Timor, lokacin da ake ɗebo samari su yi nutso a teku su tsinto kawar lu'ulu'u. Shi barkono da daddawa kawai ya sani, ya kirɓa ya lasa da shinkafa a cikin jirgi. Matar da ya aura 'yar Larrakia ce, masu ƙasar tun asali, ita ta dube shi ta ce wannan ai ba abinci ba ne, azaba ce, ta yanka ƙundun dinyar da 'yan'uwanta suke harbowa a fadama ta zuba. Citta da tafarnuwa daga wata Basiniya mai kanti a titin Cavenagh suka shigo, a yadda ake faɗa. Uwar Nora kuwa, wadda ubanta mutumin Manila ne, ta ƙara wani abu mai tsami wanda ba ta gaya wa kowa ba sai 'yarta. Kowane tsohon gida a garin nan da nasa balacan, kowa kuma yana rantsuwa nasa ne na gaske. Na gida ba a rubuta shi, ba a sayar da shi, kyauta ake bayarwa, a wanke kwalba a mayar da ita da ɗan wani abu a ciki. Sannan akwai dokar da ta fi duka ƙarfi: ba a kushe balacan ɗin tsohuwa a gabanta, ko da zai kashe ka.

Nora ba ta koya wa kowa ba. In aiki ya zo wajen zuba abin tsamin nan, ko ɗanta Clement sai ta aike shi sayen abin da ba ta bukata.

Shekara biyu da suka wuce ta kwanta da murar nan da ta game duniya, ta tashi. Tun daga nan ta gano cewa 'yan kasuwa sun lalace. Barkonon yanzu ba yaji, gishirin yanzu kamar gari, daddawar da ake kawowa ma an yi mata algus. Ta canza kanti uku, ta yi wa wata 'yar Thailand mai sayar da barkono tas a kasuwar Lahadi, ta dawo gida ta riƙa ninka komai don ta rama ha'incin da ake mata. Ta kuma lura masu zuwa gaisuwa da kwalba sun ragu. Wannan ta ɗora shi a kan likitoci, masu hana mutane cin duk abin da yake da daɗi.

Ranar wata Asabar, ana tsakiyar zufar da ke zuwa kafin damina, ta je gidan Clement cin abincin rana. Ta buɗe firji neman ruwan sanyi, sai ta yi turus. Kwalbarta mai shuɗin murfi tana can ƙurya, cike taf yadda ta ba su wata guda da ya wuce. A gabanta kuma ga wata mai jan murfi, an cinye fiye da rabi.

Ta ɗauko ta ta ɗaga wajen haske. Launin nata ne, ja mai duhu, mai yana kwance a sama kaurin ɗan yatsa. Abin da ya sa gabanta ya faɗi shi ne ƙundun. Kowa a garin nan gutsi-gutsi yake yanka shi. Gidansu kaɗai ake yanka shi a tsaye, siri-siri kamar tsinken ashana. Ta mayar da kwalbar ta rufe firjin a hankali. Ruwa ba ya tsami banza, kuma da ɗan gari kan ci gari.

Matar Clement, Kalliopi, wadda kowa ke kira Popi, tana yanka salak. Iyayenta Girkawa ne da suka zo aikin gini, kuma shekara ashirin ke nan Nora tana jiran ranar da za ta kama ta da wani abu.

"Popi, wannan jan murfin fa, daga ina?"

Wuƙar ta tsaya. "Wanne, Mama?"

"Firjin naki jan murfi nawa ne a ciki?"

"Au, wannan. Ai Clement ne ya kawo."

"Ashe. Ke dai rannan da nake girki, me ya kai ki bayan gidana har sau biyu?"

"Haba Mama, shanyarki na kwashe miki. Ni da ko warin abin ba na iya tsayawa kusa? Sai na yi kwana biyu gashina yana ƙarni."

"Amma kina ci."

"Ci daban, Mama."

Clement ya shigo da kifin da ya gasa, ƙato mai shekara hamsin, ya ga fuskar uwarsa ya so ya juya. Da ta tambaye shi sai ya hau sosa ƙeya, ya ce wani ne a wurin aiki, a'a, a kasuwa ya gani. Nora ta ci abincinta, ta ce kifin ba gishiri, ta ga mata da miji sun haɗa ido. Wannan kallon ma ta adana shi.

Washegari bayan coci ta bi rumfunan kasuwar Lahadi ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaga kwalabe tana leƙawa kamar mai duba ƙwai. Babu mai yankan tsaye. Ashe ba sayarwa ake yi ba, kyauta ake rabawa, yadda ake yi da na gida. Wannan ya fi yi mata ciwo, domin ɓarawon da ya sata ya sayar ya san kayan ba nasa ba ne.

Kwana uku tana lissafa mutane. Ta zargi ƙanwar mijinta, ta zargi matar da ke kawo mata ƙundu, har Fada, limamin cocinsu, ta ɗan taɓa da tunani saboda ya taɓa tambayarta ko tsamiya take sawa. Ranar Laraba da safe tana tsintar mangwaron da jemagu suka kaɗo, ta ɗaga kai ta dubi ta cikin wayar shinge. A kan teburin bayan gidan maƙwabciyarta an kife kwalabe shida suna shan rana, ga murafensu a jere, jajaye.

Olandina Lay ce maƙwabciyar. Daga Dili ta gudo a jirgin dakon kaya shekarar da yaƙi ya ɓarke a Timor, tana 'yar shekara ashirin, da ɗan ƙunshin kaya da kaskon suya. Shekara arba'in da biyar suna raba shinge guda. Ita ta riƙe Nora ranar da mijinta ya mutu, ita ta riƙa miƙo mata romo ta saman waya lokacin murar. Nora ta tsaya da mangwaro a hannu, ranta ya ɓaci. Ta tuna duk ranar girki matar nan kaɗai ce ba ta rufe tagarta. Ita da take ɗauka ƙauna ce.

Ba ta tsaya sa takalmi ba ta zagaya.

"Olandina! Fito, munafuka!"

Olandina ta leƙo daga kicin, 'yar ƙaramar tsohuwa da tabarau a kan hanci. Ta dubi Nora, ta dubi kwalaben, ba ta ko razana ba.

"To, yau dai an zo. Shigo ki zauna, rana za ta kashe ki."

"Ba zama ya kawo ni ba. Wa ya ba ki? Popi ce?"

"Popi? Wadda ko ƙwai sai ta ƙona? Zauna, Nora, in haɗa miki shayi, sai ki zage ni da ƙarfinki."

Ta zauna, don gwiwoyinta sun gaji, ba don ta huce ba. Olandina ta ajiye mata kofi. Nora ta kurɓa, ta ci gaba.

"Shekara arba'in da biyar kina leƙena ta waya. Na ba ki kwalba ta fi ɗari. Kayan kakana, kayan uwata, ki kwashe ki riƙa rabawa a gari kamar naki!"

"Ban leƙe ki ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Iska ke kawo min har gado. Na san lokacin da albasa ke shiga, na san lokacin citta. Busasshen ɗanyen mangwaron da kike korar Clement saboda shi, ai a kan rufin kajinki kike shanya shi duk shekara."

Nora ta ji kamar an tuɓe ta a kasuwa. Ta sake kurɓar shayin don ta sami abin yi da bakinta.

"Kuma shekara arba'in da uku na sani ban taɓa dafawa ba," in ji Olandina. "Ina da nawa abincin, me zan yi da naki? Bara Clement ya zo nan, ya zauna inda kike zaune. Ya ce Anti, na Mama ya ƙi ciwuwa, gishiri kamar ruwan teku, yaji har yara suna kuka, kuma wa zai gaya mata? Ƙaton nan har da hawaye. Na ce kawo ƙundu."

"Ƙarya kike! 'Yan kasuwa ne suka lalata kaya, ni kuma na gyara."

"Yaya shayin?"

"Shayi ne. Kullum naki salam yake."

"Gishiri na zuba miki, cokali biyu. Babu sukari ko ƙwaya. Kin sha rabi."

Nora ta dubi kofin. Ta ɗaga shi ta kurɓa a hankali, ta riƙe ruwan a baki, ta juya shi a kan harshe. Ɗumi kawai ta ji. Tunaninta na farko, don hali zanen dutse ne, shi ne matar nan ƙarya take, sukari ta sa. Sai Olandina ta karɓi kofin ta kurɓa, fuskarta ta yamutse, ta tofar ta taga tana tari.

Nora ta tuna 'yar Thailand ɗin da ta zaga a gaban mutane, ta tuna kwalaben da ta cika wa jama'a shekara biyu suna karɓa suna godiya. Kunya ta rufe ta, tsoro kuma ya biyo baya, domin abin da take gadi tun tana budurwa a harshenta yake zaune, ba a takarda ba, kuma harshen ya tafi bai yi mata sallama ba.

"Duk gari sun sani ke nan," ta ce.

"Duk gari suna jin tsoronki. Ni ma da kika ga na yi shiru, tsoron ne."

"Kawo in gani."

Olandina ta ɗauko kwalba daga firji da ƙaramin cokali. Nora ta ɗebo, ta duba yankan ƙundun, ta ga babu abin kushewa, ta sa a baki. Ta tauna ta daɗe tana taunawa. Laushin ƙundun ta ji, da santsin mai, da ɗan zafi can a maƙogwaro. Ban da wannan babu komai. Hawaye suka zubo mata, kuma ta san ba na barkono ba ne.

"Faɗa min gaskiya, Dina," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Ya yi kamar na uwata?"

Olandina ta cire tabarau ta goge da gefen riga.

"Ina na san na uwarki? Ta rasu kafin jirginmu ya iso garin nan. Ni ban taɓa cin na kowa ba sai naki, Nora. Naki na dafa."