Surukina a gaban kantata

Jama'a, yau darasi ya biyo ni har kanta!

Da safe mai horas da mu a banki ta ce: na ɗaya, a tambayi tushen kuɗi. Na biyu, in akwai rufa-rufa, a rubuta rahoto. Na uku, kada mai kuɗin ya sani.

Bayan azahar sai ga surukina da jaka cike da kuɗi!

Ya ce, "Ɗana, na wani baƙo ne. Rarraba su a asusun maƙwabtana."

Ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba! Na sunkuya na ce, "Baba, wane baƙo?"

"Ni kake tuhuma?" Ya ɗauki jakarsa ya fice.

Na rubuta rahoton.

Yanzu ya kira: "Ba ka gaya ma kowa ba ko?"

Na ce, "Baba, an ta da sallah," na kashe wayar.